AF, YANZU NA TUNA!

Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, domin faɗa na zo yi, kuma ba da maza zan yi shi ba, da mu mata zan yi. Abin da ya kawo faɗan kuwa wata 'yar magana ce da ba ta taka kara ta karya ba a ganinmu, wadda kowaccenmu take faɗa sau da yawa a wuni ba tare da ta kula ba. Maganar ita ce, "Af, na tuna!"

Idan aka bar ta a inda Bahaushe ya ajiye ta, ba ta da laifin komai. Kin ɗora wake kin zauna, can sai ki dafa goshi ki ce af, ban sa kanwa ba. Maigida ya kai bakin zaure ki bi shi ki ce af, tsaya mana, sabulu ya ƙare. Wannan "af" ta mantuwa ce, ta mai son gyara abin da ya kusa ɓaci. Haka ma 'yan'uwanta da suke tafiya tare. "Au" ta wadda labari ya zo wa ba shiri ce, au, har kun dawo? "Ashe" ta wadda ta gano abu ya saɓa da yadda ta ɗauka ce, ashe ruwa aka sha jiya da dare. Ita kuwa "kenan" marfin tukunya ce, da ita ake rufe lissafi, tunda babu takalminsa a ƙofa ya fita kenan. Duk wannan hankali ne da Allah Ya ba ɗan Adam, ya ga abu biyu ya fitar da na uku, kuma macen da ba ta iya shi ba gidanta ba zai zauna ba.

To amma fa idan waɗannan 'yan kalmomi suka haɗu a bakin mata huɗu a kan tabarma ɗaya, ana maganar wadda ba ta wurin, wallahi sun fi wuƙa kaifi. Bari in kawo miki misalin da na san kin taɓa gani ko kin taɓa ji.

Amarya ta haihu wata bakwai da 'yan kwanaki bayan biki. Jaririn ɗan mitsitsi, an naɗe shi cikin zani kamar ba mutum a ciki, uwar kuwa tun da aka sallamo su daga asibiti ko barcin kirki ba ta samu ba saboda fargaba. Ranar suna mata sun cika tsakar gida, ana tuƙa tuwo ana suyar nama. Can a gefe sai wata ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ita, "Wai ni kam yaushe ma aka yi bikin nan?" Ta ce, "Bayan ƙaramar salla ne." Sai a yi tsit, kowa tana ƙirga yatsu a ƙarƙashin mayafi. Ta farkon ta ce, "Au!" Ta biyun ta taɓe baki ta ce, "Uhm, da walakin dai goro a miya." Har zuwa nan babu komai a hannunsu sai ƙirgen wata, kuma da an kawo tuwo maganar za ta iya bin iska. Sai ta ukun, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta tafa hannu ta ce, "Af! Yanzu na tuna! Ranar kamu ba ku ga ko loma ɗaya ta kasa kaiwa baki ba? Har tashi ta yi ta shiga bayi ta daɗe." Nan take wuri ya ɗauka. "Ai kuwa! Shi ya sa aka yi ta gaggawar bikin." "Lallai biri ya yi kama da mutum." Ta huɗun ta ɗora marfi, "Da abinta ta shigo kenan."

Minti biyar bai cika ba an sheganta yaro, an zubar da mutuncin uwarsa da na iyayenta, sannan aka wanke hannu aka ci tuwon sunansa, har da ƙullin nama a leda.

Idan kika tambaye ni wace ce ta fi laifi a cikin huɗun nan, ba zan yi wata-wata ba, ta ukun ce. Ta farko tambaya ta jefa, kuma ana iya kashe tambaya da harara ɗaya. Ta huɗu kuwa abin da aka riga aka dafa ta sauke. Amma ta ukun ita ta kawo shaida, kuma ta kawo ta ta hanyar da ba a musa wa. Domin duk wadda ta fara magana da "af" tana gaya wa masu sauraro ne cewa ni fa ban zo da niyyar komai ba, abin ne ya faɗo min yanzu-yanzu. Da ta zauna ta tsara labari tiryan-tiryan da an ce wance dama ba ta ƙaunar yarinyar. Amma da yake tafa hannu ta yi ta zaro ido, sai kowa ya yarda gaskiya ce ta suɓuce mata. Wannan shi ne sharrin kalmar, tana sa ƙazafi ya yi kama da tuntuɓe.

Kuma don Allah a gaya min, wace amarya ce take cin abinci ranar kamu? Ke da kike karatun nan, loma nawa kika kai baki ranar naki? Yarinya ta kwana uku tana kukan rabuwa da gida, an cika ta da turare da hayaniya, ga zafi ga lulluɓi, ina za ta ga cin abinci? Wata bakwai cur wannan baiwar Allah tana riƙe da abin da ta gani ranar kamu bai dame ta ba, bai zama komai ba, sai yau da aka yi ƙirgen wata ya tashi ya zama hujja. Ai da amaryar ta kai wata goma kafin ta haihu, wannan rashin cin abincin kunya za a kira shi, har a yaba tarbiyyar gidansu.

Haihuwar bakwaini kuwa ba yau aka fara ta ba, shi ya sa ma har suna Bahaushe ya ba ta. Likitoci suna kiran duk haihuwar da ta zo kafin ciki ya cika mako 37 haihuwar da ba ta kai lokaci ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 jarirai miliyan 13.4 aka haifa a haka, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Hawan jini yana kawo ta, zazzaɓin cizon sauro yana kawo ta, cikin tagwaye yana kawo ta, wani lokacin ma ba a gano dalili. Malaman fiƙihu kuma tun tuni suka yanke cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Kin san yadda aka samo shi? Aya ta 15 a Suratul Ahƙaf ta haɗa ɗaukar ciki da yaye ta ba su wata 30, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ba cikakkiyar shayarwa shekara biyu, wato wata 24. Idan kika ɗebe 24 daga 30 saura 6. Tun zamanin sahabbai aka yi wannan lissafi, kuma an yi shi ne don a kuɓutar da macen da ta haihu da wuri daga zargi. Kin ga su ma "kenan" suka yi, suka haɗa abu biyu suka fitar da na uku, amma tasu "kenan" ɗin rufa wa mace asiri ta yi. Mu da ko alwala wata ba ta gama iyawa ba, mu ne masu ƙirga yatsu a ƙarƙashin mayafi.

Na san wata za ta ce to ai ba ƙarya ta yi ba, abin da ta tuna ta faɗa. Nan ma akwai magana. Mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset take, abin da aka naɗa shi za ki ji ko bayan shekara goma. Ba haka take ba. A shekarar 1974 wasu masu bincike a jami'ar Washington a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai 150 fim ɗin haɗarin mota. Suka tambayi 50 daga ciki irin gudun da motocin suke yi sa'ad da suka "bugi" juna, wasu 50 kuma aka yi musu tambayar da kalma mai zafi, sa'ad da suka "ragargaji" juna, sauran 50 ba a tambaye su gudu ba. Bayan mako guda aka sake kiran su aka ce, kun ga fasasshen gilashi a fim ɗin? Cikin waɗanda aka ce wa "bugi" mutum 7 suka ce sun gani. Cikin waɗanda aka ce wa "ragargaji" mutum 16 suka ce sun gani. Alhali babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Kalma ɗaya tak a cikin tambaya ta sa mutane suka tuna abin da bai faru ba, kuma ba su san ƙarya suke yi ba, su a ransu sun gani.

To idan kalma ɗaya ta yi wa ɗalibai haka a kan motar da ba su san mai ita ba, ina ga macen da aka riga aka ɗora ta a kan hanya da "au" da "da walakin", ana maganar yarinyar da ƙila dama akwai 'yar tsama tsakaninta da uwarta? Shigar bayin da ba ta fi minti biyu ba sai ta zama "ta daɗe". Gobe idan aka sake ba da labarin za ki ji har kakarin amai ta jiyo. Jibi za ta dafa Alƙur'ani a kai, kuma abin tsoron shi ne a lokacin ta yarda da kanta.

Wannan kenan ga wadda tunin ya yaudare ta. Akwai kuma wadda ita take yaudara da tunin, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. Za ta shigo gidanki tun hantsi, ku gaisa, ta sha ruwa, ta ci ɗumame, ku yi hirar tsadar shinkafa da ta makarantar yara har azahar. Sai ta miƙe ta yafa mayafi, kin rako ta, ƙafarta ɗaya a cikin takalmi, sannan ta juyo. "Af, kin ga har na manta. Shekaranjiya kamar maigidanki na hango a unguwa kaza da yamma, a ƙofar wani gida mai jan ƙyaure. Ko da yake ƙila ba shi ba ne. To sai anjima, a gaida yara." Ƙarya take wallahi, ba ta manta ba. Abin da ya fito da ita daga gida kenan, tun a hanya take juya shi a baki. Ta ajiye shi sai bakin ƙofa ne don kada ki samu damar yi mata tambaya, kuma ta liƙa "kamar" da "ƙila" don in ta fashe ta ce ni ai ban ce shi ba ne. Ta tafi ta bar ki da sauran aikin, ke za ki ƙarasa da kanki. Nan za ki zauna ki fara naki tunin, af shi ya sa ranar ya dawo bai ci tuwo ba, af shi ya sa ya sayi sabon turare. Kafin magariba kin gina gida kin sa amarya a ciki, mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye ya tarar da fuska kamar hadarin gabas, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ƙila gidan mai jan ƙyauren na wanda yake bi bashi ne.

Ga kuma ƙanwarsu "dama", wadda ba ta fitowa sai bayan an yi ɓarna. Ranar da aure ya mutu za ki ji masu cewa dama ni tun ranar ɗaurin aure na san ba za a je ko'ina ba. Ke da kika fi kowa rawa a wurin? Ke da kika yi anko har kala biyu?

Ita "wai" ma ina tausayinta, domin ita kaɗai ce mai ɗan amana a cikinsu. Duk wadda ta ce "wai" ta gaya miki cewa ji ta yi ba gani ba. Amma "wai" ba ta da tsawon rai. Daga gidan farko za a fito da ita, wai an ce wance kaza. A gida na biyu ta koma "ashe wance kaza". A gida na uku an jefar da ita gaba ɗaya, sai "ke ba ki ji ba?" A da kafin magana ta yi wannan tafiya sai an kwana biyu, ana jiran biki ko suna ko a haɗu a gidan kitso, wani lokacin har ta huce a hanya. Yanzu kuwa saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa, a zauren 'yan makarantarku ko na dangi, mace ɗari ta ji kafin mai jegon ta gama wankan yamma. Kuma muryar tana nan a ajiye, yaron da aka sheganta zai iya girma ya ji ta da kunnensa.

Yanzu bari in tsaya in saurari masu ja da ni, don na san suna nan. Za su ce to Hajiya so kike mu zama dolaye? Ruwa fa ba ya tsami banza. Mace ta ga alama ta rufe ido har a yi mata sakiyar da ba ruwa? Ban ce haka ba. Uwar da ta ga ɗanta ya daina wasa ya kwanta lamo ta ce ba shi da lafiya kenan, ta kyauta. Wadda ta ga 'yarta ta dawo da wayar da ba ita ta saya mata ba ta tsaya bincike, ta yi abin da ya kamata. Amma ki duba inda tasu "kenan" take kai su. Ta farko asibiti ta nufa, ta biyu ɗaki ta ja 'yarta ta rufe ƙofa ta tambaye ta. Wato zaton ya tura su wajen mai amsa. Su kuwa matan gidan suna, da mai jego da uwarta da mijinta duk suna cikin gidan, taku goma tsakani, akwai wadda ta tashi ta je ta tambaya? Babu, don ba amsar suke so ba. Kuma ruwa yana tsami, gaskiya ne, amma sau nawa kika zargi tulu alhali moɗar ce ba a wanke ba? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ba ta hana mu tunani ba, yawan zato ta ce a nisanta, kuma a cikin ayar guda aka haɗa shi da bin diddigin mutane da cin namansu, domin a jere suke zuwa kamar yadda kika gani a kan tabarmar can.

Wadda take ganin ita ta fi ƙarfin faɗawa wannan rami, ta tuna abin da ya faru a Madina. A hanyar dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ, shekara ta 5 ko ta 6 bayan hijira, Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta koma neman sarƙar wuyanta da ta tsinke. Masu ɗaukar darbukarta suka ɗora a kan raƙumi suna zaton tana ciki, saboda ba ta da nauyi, ayari ya tashi ya bar ta. Safwan ɗan Mu'aɗɗal da yake tafe a bayan runduna ya same ta, ya durƙusar da raƙuminsa ta hau, ya ja akala har suka cim ma jama'a da rana tsaka. Abin da ido ya gani kenan, mace a kan raƙumi, namiji yana ja. Sauran duk "kenan" ce, kuma shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu shi ya ɗora ta. Wata guda Madina tana tafasa, ita tana kwance ba lafiya ba ta ma san me ake ciki ba, sai daga baya ta ji labarin, sannan Allah Ya saukar da ayoyi a Suratun Nur Ya wanke ta. Abin da ya kamata ya tsorata mu shi ne ba munafukai kaɗai maganar ta ɗiba ba, har da mutanen kirki a cikin sahabbai waɗanda harshe ya ja su, aka tsayar musu da haddi, Allah Ya yarda da su.

A cikin wannan wata gudan an tambayi mata biyu abin da suka sani, kuma su nake so ki duba. An tambayi Barira mai yi mata hidima, wadda take ganin kwanciyarta da tashinta. Da mai neman abin tunawa ce da ta samu, don babu wanda za ki zauna da shi ki rasa abin da za ki juya. Iyakar abin da ta iya tunawa shi ne yarinya ce mai ƙuruciya, takan yi barci ta bar ƙullin gari har akuya ta zo ta cinye. Aka tambayi Nana Zainab 'yar Jahshi, kishiyarta, wadda ita ce take gogayya da ita a wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ga dama ta samu har gida, ga 'yar'uwarta Hamna ta riga ta shiga maganar don taya ta kishi, ba a bukatar komai daga gare ta sai ta ɗan yi shiru ta ce af, akwai wata rana. Ta ce tana kiyaye jinta da ganinta, ba ta san komai game da A'isha ba sai alheri. Nana A'isha da bakinta ta ba da wannan labari bayan shekaru, ta ce tsoron Allah ne ya tsare Zainab.